Daga Wuri Zuwa Satoshi: Wa Ke Raɗa wa Ƙaramin Kuɗi Suna?

Mai karatu, in yau wani ya ce maka "wallahi ba ni da ko sisin kwabo", ka gane abin da yake nufi sarai, alhali mai yiwuwa daga kai har shi babu wanda ya taɓa riƙe sisin kwabo a hannunsa. In jarida ta rubuta cewa an kashe kuɗi wuri na gugar wuri har naira biliyan kaza, ba ka tsayawa tambayar ina wurin yake. Kuɗin sun daɗe da mutuwa, sunayensu kuwa suna nan da ransu a bakinmu. Maganar da nake so mu yi kenan, domin akwai haƙƙin mutane da yake salwanta a tsakanin sunan kuɗi da ƙimarsa, musamman mu da muke zaune a wata ƙasa, danginmu suna wata.

Abin da ya ɗauko maganar shi ne gardamar da masu kuɗin intanet suke ta yi, wadda yaranmu na nan Makka da na gida suke bibiya a wayoyinsu. An fara Bitcoin a watan Janairun 2009, kuma tun daga tushe an tsara shi yadda kowane guda zai iya tsaguwa gida miliyan 100. Da farko babu wanda ya damu da waɗannan ɓarɓashin, don a watan Mayun 2010 wani ya ba da Bitcoin 10,000 a kan faifan fiza guda biyu. Amma a Disambar 2024 guda ɗaya tal ya haura dalar Amurka 100,000. Sai ya zama abin da mai ƙaramin ƙarfi yake gani a wayarsa shi ne irin su 0.00025. To wa zai iya faɗar wannan da baki a wajen ciniki?

Nan aka shiga neman suna. Masu amfani da shi suka raɗa wa mafi ƙanƙantar ɓarin suna "satoshi", don tunawa da Satoshi Nakamoto, sunan da wanda ya ƙirƙiro kuɗin ya ɓuya a bayansa. Baki ya gutsure shi ya koma "sat". Wasu suka ce a'a, a riƙa lissafi da "bit", wato satoshi 100. A 2025 wata shawara ta ƙara tayar da ƙura, wai a jefar da sunan satoshi, a kira ɗan ƙaramin da sunan Bitcoin kai tsaye, a huta da ɗigo da jerin sifiri. Ga kuma rigimar alama. An daɗe ana aron alamar kuɗin ƙasar Tailan, ฿, sai a 2017 aka shigar da ₿ cikin haruffan da kwamfuta da waya suka sani. Shi kuwa satoshi har yau zane-zane ake ta kawowa, ba a tsaya a kan guda ba.

Ni ba mai tallar kuɗin intanet ba ce, kuma maganar halaccinsa ta malamai ce. Abin da nake so ka gani shi ne mu Hausawa mun sha wannan gardamar ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma duk a kasuwa aka yanke hukuncinta.

Zamanin wuri

Fara da kalmar "kuɗi" ita kanta. Jam'in "wuri" ce. Wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Ka ga kenan duk dukiyar Alhaji, da gidajensa da motocinsa, da sunan mafi ƙanƙantar abin ciniki muke kiranta. Larabawan da muke zaune da su ma haka ne: "fulus" jam'in "fals" ne, wani ɗan ƙaramin kuɗin tagulla na dā, mutanen Sudan kuma in suna nufin kuɗi sai su ce "gurush", jam'in ƙirshi.

Wurin nan ba a Kogin Kwara ake samunsa ba, balle a rafin Jakara. Daga tsibiran Maldib yake zuwa, can cikin tekun Indiya. Ibn Baɗɗuɗa ya gan shi a can, ya kuma zo ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gawo a ƙarni na 14. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canja dala ɗaya ta azurfa. Mutanen bakin teku suna shirya wurinsu a zare, mu kuwa a warwatse ake ƙirga namu, biyar-biyar, a tara tsibi-tsibi. Barth ya ba da labarin yadda aka zauna ƙirgar wuri 500,000 a Tasawa, ya nuna irin jan aikin da ke ciki.

Da lissafi ya yi yawa, dole baki ya nemi sauƙi. Aka sami "zambar" don dubbai, aka sami "keso", wato wuri 20,000 da aka ɗaure a tsohuwar tabarma. Babu sarkin da ya yi shela ya ce daga yau a ce keso. 'Yan dako da dillalai ne suka kira kaya da sunan abin da aka ƙunshe shi a ciki, sunan ya zauna.

Abin da ya karya wuri shi ne yawa. Daga wajajen 1840 zuwa gaba, kamfanonin Jamus suka riƙa jigilar wani irin wuri mai arha daga Zanzibar suna jibgewa a gaɓar Afirka ta Yamma. Kafin ƙarshen ƙarnin darajarsa ta zube, har ya zama in tafiya ta yi nisa, ladan ɗan dako yakan cinye wani kaso mai tsoka na abin da ya ɗauko. A 1904 Turawan mulki suka hana shigo da shi. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa: yawan lamba ba shi ne yawan dukiya ba.

Dala ɗaya, ma'ana uku

A gefen wuri akwai babban kuɗi, azurfar nan mai hoton wata mata mai ƙiba. Sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza. Ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar aka ci gaba da rubutawa a jikinsa, domin 'yan kasuwa ba sa karɓar wanda aka sauya masa kama. Masu shi suna kiransa "tala", daga nan kalmar dalar Amurka ta fito, daga nan kuma tamu "dala" ta fito. Wasu Hausawan suna ce masa "liyar". A nan ƙasar Larabawa kuwa "riyal faransi" ake ce masa, alhali bai haɗa komai da Faransa ba.

Wannan azurfa tana da muhimmanci a tarihin iyalan da yawa daga cikinmu. Kakannin da suka taho Hajji a ƙasa, ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin, musamman ayarin da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, sun ratsa ƙasashe masu kuɗi iri-iri. Wuri ba ya tsallaka wani wuri, amma dala ana karɓarta daga Kasuwar Kurmi har Jidda. Mata kuma sun mayar da ita abin wuya, ado ne a ranar biki, jari ne a ranar wahala.

Yanzu dubi inda sunan ya rarrabu. A Najeriya ta zamanin Ingilishi, an kira sule biyu dala. A ƙasar Nijar sunan ya sauka a kan tamma biyar ta Faransa, kuma da aka kawo sefa a 1945 bai tashi ba. Har gobe Bamaraɗe da Badamagare da dala suke lissafi: sefa 100 dala ashirin ce, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 kuma jika. A Kano ta yau kuwa in ka ce dala, ta Amurka kake nufi, ba wata ba.

To a ce mata biyu ne a layi ɗaya a nan Ka'akiyya, ɗaya 'yar Maraɗi, ɗaya 'yar Fagge. Aka kira daga gida aka ce yaro ba lafiya, ana neman dala ɗari. A kunnen ta Fagge riyal 375 kenan, tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce tun 1986. A kunnen ta Maraɗi kuwa bai kai riyal huɗu ba. Hausa ɗaya suke ji, kalma ɗaya aka faɗa, amma tsakanin fahimtarsu akwai ninki fiye da ɗari.

Turawa suka buga, kasuwa ta raɗa suna

Da Ingilishi suka kawo nasu kuɗin, da sunayensu suka zo, a rubuce a jiki. Amma ba su iya sa mana harshe a baki ba. Tagulla a Turancinsu "kofa" ce, muka mayar da ita kwabo. Shilin ya zama sule, fan ya zama fam. Kwabo shida sisi, kwabo tara nai, kwabo uku taro, rabin taro kuma ahu. Sule biyu ana ce masa fataka, sunan da ya biyo bakin teku daga mutanen Fotugal. Rabin kwabo aka ce masa ɗari, sunan da ya taso daga lissafin wuri, wato tsohon kuɗi ya ba sabo aron suna. Fam 100 kuma jaka, kamar dai yadda aka yi wa keso.

Sun gane da wuri cewa kwabo ya yi wa talaka girma. Mai sayen daddawa da gishiri na wuri goma, me zai yi da kwabo? Don haka tun wajajen 1907 suka buga wani ɗan ƙarami mai huda a tsakiya, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, da tauraro mai tsini shida a jikinsa, da rubutun Larabci mai faɗin ƙimarsa. Shi ne anini. Lissafin ya tafi haka: anini 10 kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Anini 2,400 kenan a fam ɗaya. Iyayenmu mata da ba su shiga aji ba suna yin wannan lissafi a ka, da yaro a goye, ba a cuce su ko ahu. Anini ya ɓace a kasuwa, amma sunansa ya hau kafaɗar sojoji da 'yan sanda, har yau ana cewa mai anini biyu, mai anini uku.

Abin dariya, a ranar da Bitcoin ya kai dala 100,000, satoshi ɗaya ya zama kashi ɗaya cikin goma na kwabon Amurka. Anini kenan ya dawo, ba huda.

Sannan ka lura da "sisin kwabo". Sisi daga kalmar Turanci ta shida ya fito. Amma da yake rabin sule ne, sai baki ya manta da shidan ya riƙe rabin, har aka kira rabin kwabo sisin kwabo. Haka nan masu aure suke cewa sadaki sisin gwal. Babu wani kwamitin harshe da zai yarda da irin wannan, amma shi ya rayu.

Naira ta zo, fam bai tafi ba

Ranar 1 ga Janairun 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta bar fam ta koma naira da kwabo. Ana jingina raɗa sunan naira ga Cif Obafemi Awolowo, wanda ya riƙe harkar kuɗi ta tarayya daga 1967 zuwa 1971, an gutsuro shi ne daga sunan ƙasar. A wajen ƙaramin kuwa gwamnati ta yi wayo, ba ta ƙirƙiro komai ba, ta ɗauki sunan da ke bakin mutane.

Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Ka ga an taɓa lissafi: jiya kwabo 12 ne a sule, yau 10. Sisi da sunansa yake nufin shida ya koma kwabo biyar. Taro ya zama kwabo biyu da rabi, babu ma wani tsaba da aka buga a madadinsa. Duk da haka mutane suka ɗauki tsofaffin sunaye suka ɗora wa sabon kuɗi. An yi shekaru masu yawa 'yan kara da dillalan gidaje suna ciniki da fam da jaka, jaka tana nufin naira 200. Wanda ya taso bayan nan in ya ji dattijo ya ce ya sayi gidan nan jaka bakwai, sai ya tsaya ya ninka kafin ya gane naira 1,400 ake nufi.

Takardun ma ba su tsira ba. A 1977 aka fitar da naira 20 mai hoton Janar Murtala Muhammed, shekara guda bayan kashe shi, nan take ta zama "Murtala". Naira 50 ta 1991 ta zama "wazobiya". Kwabo kuwa ya bi sahun anini. An buga sabuwar tsabar kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu a 2007, kasuwa ta ƙi karɓa. A shekarar ne kuma Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya kawo shawarar a yanke sifiri biyu daga naira, Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya dakatar da ita. Gana ta yi nata a wannan shekarar, ta yanke sifiri huɗu daga sidi, sunan da shi ma daga kalmar wuri ta mutanen Akan ya fito. Sai dai 'yan'uwanmu na zango a Kumasi da Ankara za su gaya maka an daɗe ana cewa miliyan ɗaya alhali sidi 100 ake nufi.

Rigimar alama

Alama ma tana da nata tarihin. Tun zamanin Turawa ake sa rubutun ajami a takardun kuɗi, saboda miliyoyin mutanen da shi suka iya karantawa. Abin da aka rubuta Hausa ce zalla: naira dubu, naira ɗari biyar. A 2007 aka cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50, aka sa Hausa da Yarbanci da Ibo da haruffan boko. A 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100 ta cikar Najeriya shekara ɗari. A 2020 wani lauya ya kai ƙara a Legas yana neman a share shi gaba ɗaya, kotu ta kori ƙarar a 2024. Masu son a cire suna ganin tambarin addini, masu son a bari suna ganin tsohuwar da ba ta da wata hanyar sanin abin da aka miƙa mata. Ka ga kenan 'yan haruffa a jikin takarda suna iya zama tambayar wa aka lissafa da shi a ƙasa.

Ita alamar naira, ₦, gwamnati ta zana ta, amma da yake ba kowace waya ke nuna ta a fili ba, sai mutane suka koma rubuta N, wasu ma #. Wanda ya fi ban mamaki shi ne harafin k. A makarantar firamare an koya mana 50k kwabo hamsin ne. Yau in ƙaninka ya turo saƙo ya ce "Yaya, a taimaka da 50k", naira 50,000 yake nufi. Harafi ɗaya, a cikin rayuwar mutum ɗaya, ya tashi daga kashi ɗaya cikin ɗari ya koma ninki dubu, kuma babu dokar da ta sauya shi.

Nan inda muke zaune

Saudiyya ma ta bi wannan hanyar. "Riyal" daga kuɗin Sifen ya samo suna, "ƙirshi" kuma ya biyo ta hannun Turkawa. Riyal na azurfa da Sarki Abdul'aziz ya fitar a 1928 ƙirshi 22 ne a cikinsa. A 1960 aka mayar da shi 20, a 1963 aka shigo da halala, guda 100 a riyal.

Labarin takardar kuɗi a nan ya shafi alhazai kai tsaye. Mutanen ƙasar ba su yarda da takarda ba, azurfa da zinariya suka sani. Amma azurfa tana da nauyi ga mai ɗawafi da hawan Arfa. Sai a 1953 hukumar kuɗi ta ƙasar, wadda aka kafa a 1952, ta fitar da wata takarda ta riyal goma mai suna rasiɗin alhazai, da rubutu cikin harsuna shida: Larabci, Farisanci, Turanci, Urdu, Turkanci da Malayanci. Nufin shi ne alhaji ya riƙe ta ya canja in ya buƙata. Mutanen gari suka ga sauƙinta suka ci gaba da ciniki da ita bayan an watse daga Hajji. Hukuma ta ce rasiɗi ne, kasuwa ta ce kuɗi ne, kuma a 1961 hukuma ta bi bayan kasuwa ta buga takardun kuɗi na sosai.

Halala ta yi kusan mutuwa irin ta kwabo. Wanda ya daɗe a nan ya san lokacin da mai bagala zai miƙo maka cingam a madadin fakka. Abin da ya farfaɗo da ita shi ne harajin kaya da aka fara a 2018, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 cikin ɗari a 2020, da kuma biya da kati. Na'ura ba ta cewa babu canji. Je ka halakar kayan miya ta Ka'akiyya da asuba, da baki riyal da nus da rubu'u ake yi, amma takardar wuta da halala take zuwa, haka ma litar fetur. Sannan a ranar 20 ga Fabrairun 2025 Sarki Salman ya amince da sabuwar alamar riyal, wadda aka zana daga rubutun Larabci. Kuɗin da ya kusa shekara ɗari sai yanzu ya sami tambari guda, kafin nan kowa da yadda yake taƙaita shi.

Abin da aikin jinya ya koya mana

A nan ne nake da ta cewa a gardamar masu satoshi, domin mu ma'aikatan jinya da ƙananan ma'auni muke kwana muke tashi. Tsakanin miligiram da maikirogiram ninki dubu ne. Akwai maganin zuciya da ake bayarwa 0.125 na miligiram, amma an fi so a rubuta maikirogiram 125, a kuma rubuta sunan ma'aunin a cike. An hana mu rubuta .5 ba sifiri a gaba, don in ɗigon ya ɓace an ba da ninki goma. An hana rubuta 5.0, don ana iya karanta shi 50. An hana taƙaita ma'aunin insulin da harafi ɗaya, don yana kama da sifiri. Waɗannan dokoki ba don ƙawa aka yi su ba, rayuka aka rasa kafin a kafa su.

Saboda haka masu cewa a yi lissafi da cikakkiyar lamba suna da gaskiya. Satoshi 25,000 ya fi 0.00025 aminci ga idon da ya gaji. Inda haɗarin yake shi ne sunaye biyu ko uku su yi ta yawo tare, wannan yana cewa sat, wancan yana cewa bit, tsakaninsu ninki ɗari, sannan a zo a kira babba da ƙarami da suna ɗaya. Labarin dalar Maraɗi da dalar Fagge kenan. Tarihinmu ya nuna wanda zai yi nasara shi ne gajeren sunan da ya fi daɗin faɗa, ko masu zane sun so ko sun ƙi. Amma kafin kasuwa ta gama yanke hukunci, a tsakanin nan ne ake cutar mai rauni.

Kuma cikakkiyar lamba tana da nata tarkon. A 2024 matasa da matan aure da yawa a Arewa sun kwana suna dannar fuskar waya suna tara maki miliyan-miliyan, da ranar fashewa ta zo abin da akasarinsu suka samu bai taka kara ya karya ba. Mai keso goma a ƙarshen zamanin wuri ma lambarsa tana da yawa. Duk wanda ya ce maka kana da miliyan kaza na wani sulallan intanet, tambaya ɗaya ce: in an canja yau, riyal nawa ne a hannu?

Abin da ya rage gare mu

Rayuwarmu a nan a kan kuɗi biyu ko uku take tafiya. Da riyal muke samu, da naira ko sefa ko sidi ake kashewa a gida, wani lokaci dala ta shiga tsakani, yanzu kuma ga na waya. Adashi, bashi, kuɗin fili da aka ba ɗan'uwa ya saya, ajiyar da hajiya ta bari a hannun maƙwabciya, sadaki, wasiyya. Rigima nawa ka sani a dangi wadda asalinta "ai dubu ɗari na ba shi" ne, aka rasa mai tuna dubu ɗarin wane kuɗi, kuma na wace shekara? Wanda ya ranci riyal lokacin da naira take da ƙarfi, ya zo biya da naira bayan ta faɗi, shi yana ganin ya biya, mai kuɗi yana ganin an zalunce shi, zumunci ya tsinke a kan abin da layi ɗaya na rubutu zai hana. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take magana.

Don haka in za ka rubuta, ka rubuta sunan kuɗin a cike: riyal na Saudiyya, naira, sefa, dalar Amurka. Ka sa adadin da lamba, ka maimaita shi da kalmomi. Ka sa kwanan wata, da farashin canji na ranar, da kuɗin da za a biya da shi. Kada ka rubuta k, kada ka rubuta jaka, kada ka rubuta dala ka yi shiru. In tsoho ne yake faɗar abin da yake bi ko ake binsa, a tambaye shi da ladabi: "Baba, jakar ta nawa ce?" tun yana da ƙarfin amsawa.

Sunayen kuwa kada mu bar su su ɓace. Yaron da aka haifa a Misfala ko Shari'a Mansur ya san halala, ya san sat, amma bai san me ya sa kakarsa take cewa ko anini ba. Zaunar da shi ka lissafa masa: anini, ɗari, kwabo, ahu, taro, sisi, nai, sule, fataka, fam, jaka. In akwai tsohuwar dala a adakar gidanku, a fito da ita ya riƙe, a gaya masa ta wace hanya ta zo Makka, da wanda ya ɗauko ta.